Salsala

Kakata Tasalla, can Aboabo,
in an kawo mata yaro daga kowane lungu
sai ta dubi kunnensa ta ce: jinin gidan Ɗantani ne,
fataken goro da suka gangaro ta Salaga.
Ba ta taɓa kuskure ba, in ji ta.

Ni ma asali nake bi,
sai dai nawa mutanen ido ba ya ganinsu.

Ran Talata Afriyie ta hauro bene da kwalabe uku,
jinin jarirai, gado na huɗu, na tara, na sha ɗaya.
Ta ce da Tonanci, muryarta ƙasa-ƙasa:
allura kala biyar, zazzaɓin ko gezau.

Na shuka su a faranti, kafin asuba sun tsiro.
Na kafa musu ƙwayoyin magani kamar ƙaya a bakin gona,
suka yi kiwo har gindin ƙayar.

Sai na miƙa wa na'ura, ta kwana tana tilawa.
Littafi ne mai baƙaƙe huɗu kacal,
ana juya su sau miliyan biyar,
ba wasali, ba inda za a ja numfashi.
Sau biyu wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari ya karɓa.

Gari ya waye. Na huɗu da na tara
baƙi biyu ne kawai ya raba su: uwa ɗaya, uba ɗaya.
Na sha ɗaya baƙo ne, da guzurinsa ya zo.

To ina gidan uban?
An ce zannuwan masu jego ne,
an ce tsumman Maame Dufie mai goge-goge,
har ta daina gaishe mu a hanya.
Na bi ɗakin da tsinken auduga,
mariƙin ƙofa, wayar likita, ma'aunin jarirai,
wuri arba'in da bakwai na shafa.

A maƙogwaron famfo na same shi,
inda kowa ke wanke hannu kafin ya taɓa ɗa.
Ruwa ya sauka, ya fantsamo,
mai tsafta ya fi kowa ɗauka.

Aka kira mai gyaran famfo daga Asafo,
ya cire bututun yana toshe hanci.
Na je na ba Maame Dufie haƙuri, ba ta ce komai ba,
ta dai matsar min da bokiti in wuce.

Na huɗu ya sha nono ran Lahadi.
Na tara ya koma a kwana na shida,
ragon suna na ɗaure a Asawase, yana cin dusa.
Abin da ya kashe shi yana da lamba a littafina,
da kakanni, da dangi har ƙetaren teku.
Shi kuwa a takarda: ɗan Ramatu, namiji.

Da dare Kaka ta tambaye ni, yaron na gidan wa ne?
Na ce ban ga kunnensa ba.