Zakaran Gwajin Dafi

Shekara arba'in da ɗaya na yi a maɗaba'ar Tartu
ina tsince kuskure kamar tsakuwa a shinkafa.
An mai da ginin gidan shan gahawa,
amma ido bai san ritaya ba.

Piret, jikata, ta ce, "Kaka Endel, kar ka taɓa.
Ɗanyen zubi ne wannan manhajar,
ɗanyen kasko kuwa ba ya kai ruwa bayan ɗaki."
Na ce na ji.
Tana hawa jirgin ƙasan Tallinn na ɗauko tabarau.

Doguwar yarjejeniya suka shimfiɗa wa 'yan gwaji.
Na karance ta tsaf, ƙila ni kaɗai a duniya,
har na kama waƙafi biyu a inda ba gidansu ba.
Ta ce in ya rushe a kanka, da ƙafarka ka shigo.
Hanya uku: ta masu haƙuri, ta masu ɗoki,
da ta masu shan miya tana kan wuta.
Na bi ta ukun.

Ƙarfe huɗu, duhu ya riga ya zauna a taga.
Kashi goma sha bakwai cikin ɗari.
Na ƙara itace a murhu, na yanka baƙin burodi.
Sittin da biyu, ya toge kamar doki ya ga gada.
Allon ya mutu, ya farka, ya sake mutuwa,
sannan ya buɗe ido ya kira sunana.

Kwana biyu ina zagaya sabon gida.
Sun matsar da ƙofofi,
agogo ya koma kusurwar da ban saba ba.
Ran Laraba na zauna ga wasiƙar
da nake rubuta wa matata duk mako
tun hunturun da muka raka ta maƙabartar Raadi.

Õie.
Harafi uku ne sunan.
Na farkon O ne, da 'yar igiyar ruwa kwance a kansa.
Na danna. Akwati ya fito, fanko.
Na sake. Akwati.
Na gwada kogin bayan gidanmu, Emajõgi,
shi ma an huda shi a tsakiya.

Na san wannan aikin.
Na rubuta rahoto yadda jan alƙalami ya koya mini:
ga lambar zubi, ga irin madannai,
ga abin da ya kamata, ga abin da ya fito.
Ban faɗa musu sunan wa aka cinye ba.
Mai gyara ba ya zubar da hawaye a gefen shafi.

Wani zubi ya sauka, akwatin na nan daram.
Na bayansa ya kashe mini na'urar buga takarda.
Piret ta waya: "Ban gaya maka ba?"
Na ce zakaran gwajin dafi ai ba ya tambayar ɗanɗano.
Mako uku da hannu na rubuta wa Õie,
igiyar ruwan tana rawa saboda rawar yatsuna.

Wata asuba, dusar ƙanƙara ta rufe matakala,
jerin gyare-gyare ya iso.
Layi na talatin da takwas,
tsakanin zancen batir da na lasifika:
"An gyara matsalar da ke hana wani harafi fitowa."
Wani harafi.
Babu sunana, ban kuma nema ba;
littafi nawa na wanke da ba su san ni ba?

Na danna.
O ya fito, ruwansa kwance a kansa.
Na ba ta labarin kogi ya daskare,
murhu na hayaƙi, Piret ta yi saurayi mai gemu.

Ina sa hannu a ƙasa, ido ya zame kusurwa.
Agogon allo ya yi lattin minti ɗaya.
Na duba na bango, na duba na hannu.
Na gyara zaman tabarau.