Awa Ɗaya a Kakuri

Saude ta dawo daga jami'a da wata takarda,
ta shimfiɗa ta a tabarma, ta danne da kofin shayina.
Layi biyu ne, ja da shuɗi.
Shuɗin ya miƙe sama kamar hayaƙin bututu,
jan yana jan ciki a ƙasa.
Ta ce, Baba, wannan mu ne, wancan Sin.
Abin da mutum ɗaya ke saƙawa can a awa guda,
naku sai ya wuni bai kamo shi ba.

Na gyara tabarau. Ban yi musu ba.
Lissafi ba ya ƙarya,
sai dai bai taɓa aikin dare ba.

Shekara ashirin da uku na yi a masaƙa.
Jiniya na kuka, kekuna su cika titi,
daga Makera, daga Nasarawa, daga Tudun Wada,
mai ƙosai ba ta ɗaga kai don ciniki.
Inji shida nake kiwo ni kaɗai.
Kunnena na hagu can na baro shi,
ƙurar auduga kuwa ta biyo ni gida,
har yau ita ke tashina da asuba.

Kai mutumin shuɗin layi,
ban san sunanka ba, ban san me kake karyawa da shi ba.
Zo ka zauna, ga gefen tabarma.
Awarka minti nawa ce?
Tawa sittin ce a agogon ofis,
amma a cire wadda wuta ta ɗauke
muka tsaya cirko-cirko cikin duhu,
zare dubu ya tsinke lokaci guda,
muna ƙullawa da yatsu da yawu.
A cire jiran baƙin mai,
tanka ta kwana uku a hanya da faci.
Injina ya girme ni.
Ranar da haƙorinsa ya karye
Istifanus ya ɗauka a aljihu zuwa Panteka,
ya dawo da wani, an ƙera shi da ƙarfen tsohuwar mota,
ya yi mana wata bakwai.
A wane layi aka zana wannan?

Ba zan yi maka rufa-rufa ba.
Akwai Litinin ɗin da muka shigo rana tsaka.
Akwai shugaban sashe da ke sa wa ƙaninsa hannu,
ƙanin yana Kachia yana noman citta.
Akwai bandir ɗin da ya tsallake katanga da dare,
ni na gani, na kau da kai.
Idan ɓera da sata,
to, mun san warin daddawarmu.

Kai ma dai na san bayanka na ciwo.
Wanda ya yi sauri haka, wani abu ya bari a hanya.
Ko ka samu ka ga 'yarka tana koyon tafiya?

Yanzu ciyawa ta fi ni tsawo a ƙofar masaƙa,
jemagu ne ke aikin dare.
Istifanus na tura baro a kasuwa,
in mun haɗu sai mu yi ta ihu a kunnen juna,
yara na dariya.

Saude ta ja zanenta ta rufe ƙafa.
Na san saƙar, ba tamu ba ce.
Ba ta da laifi, ita ce mai araha.

Ta buɗe baki za ta ƙara bayani,
sai aka ɗauke wuta.
Ta kunna fitilar waya, na ɗaga kofina.
Gindinsa ya bar zobe a takardar,
jiƙaƙƙe, tsakanin ja da shuɗi.
Na ɗora yatsa a kai.
Na ce, gobe ki nuna wa malaminku nan,
ki tambaye shi awa nawa ce a ciki.