Takalmin Ƙafar Baya

Ƙarar ce ta riga motar isowa.
Tun daga kwanar kasuwar Dole na jiyo ta,
ƙarfe yana cizon ƙarfe.
Na ce wa Ilu: jawo kirik, Kanta ne.

Ya sauko yana sharce gumi,
bayan Fijo shaƙe da kwandunan gwaibar Mirriya.
Ya ce: "Sadisu, ƙafar dama kaɗai ke kuka,
ita za ka duba, ka ƙyale ta hagu,
kasuwa ba ta ci ba."

Ban tanka ba. Na kara dutse a tayar gaba.
A Damagaram dutse ba ya wuya,
ruwan wanke hannu ne ke wuya.

Tambur ya ƙi fita, tsatsa ta riƙe shi.
Na bi shi da guduma, kewaye, sannu,
kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai,
sai ya saki.

Ilu ya kumbura kumatu zai hura.
Na ce kul!
Wannan baƙin gari ba na hurawa ba ne,
shi ya zauna a ƙirjin maigidana Abba Gana
har tari ya zama sallamarsa.
Jiƙa tsumma, ka goge.

Zo, Kanta, miƙo yatsa.
Ka ji wannan kwari a cikin tambur?
Takalminka ne ya ƙare, fatar ta cinye,
ƙashi ya shiga noma a gonar da ba tasa ba.
Ɗaga robar silinda, ka ga jiƙa?
Mai ne yake zurara, ɗigo-ɗigo,
shi ya sa kake taka birki sau biyu
kafin ya tuna sunanka.
Risor kuma ya gaji,
ya miƙe kamar igiyar guga a rani.

"To ta hagun fa?"
Na ce: ka taɓa ganin wanda ya je Idi
da sabon takalmi ƙafa ɗaya?
Dama ta kama, hagu ta saki,
motar za ta kai ka inda ba ka yi niyya ba.
Ya yi shiru yana lissafin jikkuna a iska.
Ya ce: "Aika."

Ilu ya dawo da kwali a hammata,
takalma huɗu, risor, silinda guda.
Ya kai hannu zai wargaza ɗaya gefen.
Na ce bari.
Abba Gana bai iya karatu ba,
amma ya bar mini layi ɗaya:
kada ka kwance ƙafa biyu lokaci guda,
ɗaya ce allon ɗaya.
In ka manta inda ƙugiya ta shiga,
zagaya ka tambayi ƴar'uwarta.

Giris kaɗan, kan yatsa, inda ƙarfe ke gogar bango.
Ko ƙanshinsa kada ya taɓa fatar.
Na maƙala wayar birkin hannu,
na juya ɗan haƙorin gyara, ƙas, ƙas,
har tambur ya soma raɗa in an juya shi,
raɗa kawai, ba magana ba.

Ilu, hau kujera.
Taka. Taka. Riƙe!
Iska ta fito da kumfa ta ƙasa.
Saki. Sake takawa.
Har mai ya zo garau kamar shayin farko.

La'asar ta yi, inuwar duwatsun Birni ta miƙe.
Kanta ya biya rabi,
ya sauke kwando guda a madadin saura,
ya ce sai Lahadi.
Na san Lahadinsa.

Na tsaya bakin gudron ina saurare.
Ya kai kwana, jar fitila ta kama,
wani amalanke ya gifta da garwar ruwa.
Ban ji komai ba.

Na juyo, ga Ilu ya kai gwaiba baki
da hannun nan baƙi ƙirin.
Na ce ajiye.
Buta tana bayan taya, saura kaɗan,
ka rage mini.