Ranar Kitso

Alhamis Yagana ta zo da tsinke da mai,
kamar kullum.
Na cire kallabi. Ta ga abin da maganin Yamai ya bari:
kai fayau kamar duwatsun Birni.

Ba ta ce sannu ba.
Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta,
ta kwaɓa lalle,
ta zana min kitso a fatar kai, layi-layi.

Hagun rigata fanko ne tun azumi.
Lokotoro ya ce saura ƙarin ruwa uku,
tafiya uku, amai a tashar Doso.

"Kar ki motsa," in ji Yagana,
"za ki ɓata min aiki."
Na yi dariya har ɗinkin ya amsa.
Na ƙirga mata dala ɗari,
ta karɓa, ba ta rage ko sisi ba.