Sunaye Biyar da Layi Ɗaya

A aljihun ƙofarta ta hagu akwai ɗan littafin rajista,
bangonsa kore, ya sha baƙin mai har ya dafe.
Ni Tullio, bakanike ɗan bakanike, a bayan garin Cremona,
nakan buɗe shi kamar mai ziyarar maƙabarta.

Layin farko, shuɗiyar tawada, shekarar hamsin da takwas:
Ottavio Bergamaschi, likitan haƙori.
Ja wur ya saye ta, kujera biyu, babu rufi.
Sai Lahadi yake fito da ita,
ba ya wuce giya ta uku.
Shekara bakwai, ko ƙwarzane.
Da ya rasu, matarsa Ilde ta ce
ƙamshin tabarsa ya ƙi barin fatar kujera.
Ta sayar tun furannin kabarinsa ba su bushe ba.

Layi na biyu rubutun gaggawa ne, kamar mai shi:
Gualtiero Sforzini, ɗan mai kamfanin cuku.
Shi ya koya mata gudu, shi ya koya mata bango.
Daren bikin girbin inabi ya haɗa hancinta da ginshiƙin gada,
ya fito yana dariya, haƙora biyu a tafin hannu,
likitan da zai mayar kuwa ya riga ya tafi.
Kwana tara babana yana bugun bonet da guduma.
Shekarata goma, ni ke riƙe fitila.
Sa yatsa nan, ƙarƙashin fenti. Ka ji tudun?

Na uku bai taɓa tuƙa ta ba.
Bashi ya biyo, aka ba shi mota.
Zeffiro, manomin masara,
sa hannunsa kamar kaza ta taka takarda.
Ya tura ta ɗakin hatsi, ya lulluɓe da tamfol,
shekara ashirin da biyu.
Kaji suka yi ƙwai a kujerar direba,
ɓeraye suka cinye wayoyi, suka haihu cikin salansa,
tsatsa tana lasar ƙasanta, ita ba ta gaggawa.

Na huɗu dillali ne daga Lugano. Wata huɗu.
Ya wanke ta, ya ninka kuɗin sau shida.
Ba ni da abin faɗi a kansa.

Sai Nerina Cattabiani, malamar lissafi mai ritaya,
ta shigo garejina da kuɗin gidan gado a jaka,
ta ce, cire duk abin da ba ya gudu.
Na cire bamba, na cire shimfiɗa, na cire kujerar fasinja,
ƙamshin tabar likita ya bi ta waje.
Na yi waldar kejin ƙarfe a saman kanta,
na buɗe maƙogwaron kafireto, na sa birki mai cizo,
da bel mai ɗaure ƙirji da cinya.
Masu tara tsofaffin motoci suka ce mun ɓata tarihi.
Nerina ta ce tsohuwar zuma ba don kallo ake ajiye ta ba.
Muka zana farar da'ira a ƙofa,
lamba sittin da uku, shekarunta a ranar.

Tseren tsofaffi ne, motoci da direbobi duk da furfura.
Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba.
Ta huɗu, sau biyu, cikin ruwan sama.
Amma in ta shiga kwanar ƙarshe, inji yana kururuwa,
nakan hango likita ya dafe ƙirji,
Gualtiero yana tafi da giɓinsa,
kajin Zeffiro suna watsewa.

Bana yana ta fara rufe mata ido.
Jiya ta kawo makulli, ta ajiye tsakanin sifanu,
ta ce in nemo mai saye,
amma ban da mai tamfol.

Na buɗe littafin. Saura layi ɗaya a shafin.
Tun ina riƙe fitila hannuna ke cikin cikinta,
sunana ba ya ko'ina.
Na zaro biro, na juya shi, na mayar aljihu.
Man giya yana ɗiga a siminti.
Bari in duba wannan tukuna.