Poton Garin Malam

Ran Talata suka zo da jan fenti,
samari biyu da igiyar awo, da wani mai hular kwano.
Suka shafa wa potonmu alama a ciki
kamar ragon da mahauci ya riga ya taya.
Na fito daga ɗakin injin niƙa, gari har gira,
na ce, lafiya?
Suka ce, gudiro zai bi ta nan, baba,
wannan abu ya tsaya a tsakiyar hanya.

Shi da ya riga hanyar zuwa da shekara ashirin da shida.

Na san kuɗinsa, ina cikin waɗanda suka tara.
Malam Kiyari ya sai da tunkiya da cikinta.
Tasalla ta roƙi a ba ta kwasar adashi tun layinta bai zo ba.
Ni na kai jika goma sha ɗaya, kuɗin keken ubana.
Daren da ƙwan ya fara kamawa
yara da shinge suka kwana suna zagaya shi.

Ran Alhamis haƙorin buldoza ya sami bututu.
Ruwan Damagaram,
wanda muke jira kwana huɗu da jarkoki a layi,
wanda ke zuwa ƙarfe ukun dare kamar ɓarawo,
shi ne ya kwana yana gudu cikin rairayi.
Awaki suka sha, suka ƙoshi, suka kwanta.
Da safe 'yan ga-ruwa suka ƙara dala biyar.

Na wanke fuska, na sa rigar Juma'a, na tafi meri.
Suka ce, hanya tamu ce, aiki na ɗan kwangila.
Ɗan kwangila ya buɗe takarda bisa kan mota,
ya bi ta da yatsa:
ga jar ƙasa, ga tsakuwa, ga magudana,
nuna mini inda aka rubuta poto.
Masu wuta suka ce, inda aka nuna muka kafa,
wanda ya ce a tashi, shi ke biyan kuɗin kaura.
Masu ruwa suka ce, bututunmu barci yake,
ba mu muka tada shi ba.
Ofis huɗu, kujera huɗu, sannu huɗu.
Mai kabu-kabu kaɗai ya faɗa mini kuɗi ba gardama.

An ce wanda ya ja ruwa shi ruwa kan doka.
A layinmu ba wanda ya ja,
mu ne dai a jiƙe.

Wata uku injin na rufe da buhu.
Turame sun fito daga bayan ɗaki,
na ji lugude a gidajen da suka manta da shi,
hannun Tasalla ya yi kanta a tsufa.

Yanzu hanya ta ƙare, baƙa wuluk, sumul,
ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi kyau.
Mai naƙuda ba za ta ƙara haihuwa cikin gargada ba.
An kafa sabon poto na siminti a tsallake.
Namu yana kwance bayan dutse, an kwashe wayar,
akuya na sosa wuya da shi.

Jiya takarda ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa:
a jawo waya daga tsallake zuwa kwantarka,
jika arba'in da bakwai.
Ba ta je meri ba, ba ta je wurin mai hular kwano ba.
Ita ba ta ɓata hanya.
Ta san sunana, Mutari, har da na ubana.

Na biya ran da aka kafa shi.
Na biya cikin patanti, shekara bayan shekara.
Malam Kiyari ya rasu, tumakin sun watse wajen gado.
Na leƙa zaure na duba.
Babu wani keke.