Jarkar Baffa Jazuli

Mun bar Jidda da la'asar sakaliya,
ni da Bara'atu da yara biyu, da tanti sabo a leda,
sai Baffa Jazuli a kujerar gaba.
Shekara talatin ya yi yana jan tirela
tsakanin Yanbu da Madina,
yau ga shi cikin motar da ba ta tari, ba ta gyaran murya.
Ya kasa kunne, ya ce, "Ka tayar da ita kuwa?"
Na ce, "Baffa, ai mun wuce shataletale biyu."

A bayan mota ya cusa jarkar fetur, lita ashirin.
Na ce, "Wannan ba ta da bakin sha."
Ya ce, "Ba don ita na ɗauko ba,
don kwanciyar hankalina ne."

Allo ya nuna tamanin da takwas.
Na riƙa satar kallonsa
yadda mai azumi ke satar kallon rana.

Daga gindin dutsen Hada hanya ta fara naɗewa
kamar igiyar guga a hannun mai ja.
Kowace kwana sai ta gatsi batir:
sittin, hamsin da ɗaya, arba'in.
Birai sun jeru a bakin shinge suna jiran ayaba,
Mudassir yana ƙirga su da ƙarfi,
ni ina ƙirga nawa a zuci.

A sama mun tarar da wurin caji, baki biyu.
Ɗaya an ɗaure masa leda a ka,
ɗayan wani ya jona tasa ya shige kasuwa.
Muka jira har aka kira magariba.
Bara'atu ta ce yara sun gaji. Muka wuce.

Hazo ya sauko mana kafin mu gama kafa tanti.
Sanyi irin wanda Jidda ba ta taɓa koya mana ba.
Na jona buta a jikin mota, shayi ya tafasa.
Yara suka ƙi tantin da suka yi mako suna roƙo,
suka kwanta a kujerar baya cikin ɗumi,
babu hayaƙi, babu jijjiga.
Na san kowane ɗumi daga aljihun gobe nake zara,
na bar su.

Can tsakar dare janaretan maƙwabta ya shaƙe, ya mutu.
Sai dutse ya dawo da muryarsa:
iska a cikin itatuwa,
wani kare can ƙasan kwari,
numfashin Ummita ta tagar da na sassauta.
Baffa na zaune a kan jarkarsa, ya lulluɓa da bargo.
Ya ce, "Sau nawa na kwana a hanya
inji na kaɗawa a ƙarƙashin haƙarƙarina.
Ashe haka dare yake."

Da asuba allo ya ce goma sha bakwai.
Ban faɗa wa kowa ba. Baffa ya gani.
Muka kama gangara, na ɗage ƙafa,
sai ga lamba tana hawa muna sauka:
sha tara, ashirin da biyu, ashirin da biyar.
Dutse yana biyan bashin da ya ci jiya,
ba duka ba, amma da mutunci.
Baffa ya leƙa, ya goge tabarau, ya sake leƙawa.
"A zamanina," in ji shi, "gangara birki take ci."

Kusa da Bahra muka samu baki mai aiki.
Minti hamsin. Muka karya da tamis da wake,
Mudassir ya haddace lambobin motoci bakwai,
Bara'atu ta yi barcin da dutse ya hana ta.

Baffa ya ce, "Madina fa, da hutun bazara?"
Na ce sai na zauna da taswira da biro.
Ya yi dariya, bai ce komai ba.
Da muka isa gida ya sauke jarkarsa da kansa,
cike fal, ya jingine ta kusa da tanti.